Ruwan Dankalin Malama

Shekara talatin da ɗaya Mai Agogo ya yi yana zubar da ruwan dankali a kwamin wanke hannu na banɗaki, kuma ko sau ɗaya matarsa ba ta taɓa kama shi ba. Da ana ba da lambar yabo a kan irin wannan aiki, da tuni ƙirjinsa ya cika.

Matar tasa, wadda kowa yake kira Malama har shi kansa, ta koyar da girki da ilimin abinci a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya. Ritayar kuwa a takarda ta tsaya. Da aka karɓe mata aji sai ta mayar da gidanta aji, ta mayar da maƙwabta ɗalibai, ba ta tambayi kowa ko yana son karatun ba. In ta ga mace tana feraye dankali sai ta tsaya a kanta ta riƙe ƙugu. In aka tsiyaye ruwan alayyahu a magudana, daga hawa na biyu take jiyowa ta leƙo ta taga.

"Kin zubar da abincin, kin ajiye gawarsa," haka take cewa. "Dankali in ya dahu, rabin amfaninsa ruwa yake bi. Bitamin yana ciki, sinadarin da jijiya da zuciya suke so yana ciki. Ɓawon da kika yar kuma shi ne mai gyara ciki. Gobe ki kwashi yara ki tafi asibiti kina cewa kambun baka ne."

Abin haushin shi ne gaskiya take faɗa, shi ya sa ba mai iya yi mata musu, sai dai a kauce mata a matakala.

Kullum da safe takan wanke dankali huɗu ta dafa su da ɓawonsu, ta jefa karan alayyahu da tumatir ɗaya, daga baya ta ƙaro karas. In ya dahu sai ta tsiyaye ruwan a wani babban kofin silba, da ɗan guntun ɓawo da ganye suna yawo a sama, ta kai wa maigida. Ɗanɗanonsa kamar an jiƙa tsohon buhu. Laifin kuma nasa ne. A satinsu na farko da aure ta kawo masa, ya kurɓa, idonsa ya kawo ruwa, ta tsaya tana kallonsa tana murmushi, shi kuwa ya buɗe baki ya ce bai taɓa shan abu mai daɗi irin wannan ba. Ango ne a lokacin, kuma ango ba a cika samun sa da hankali ba. Da bakinsa ya yanke wa kansa hukuncin.

Amma mutumin da sana'arsa ke nan ɗaukar ƙusar agogo wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, ai ba zai rasa dabara ba. Ya ce shi ya fi jin daɗin shan abin yana gyaran gemu. Malama takan dire kofin a gabansa ta juya, domin akwai yara da za a shirya da makaranta da ke jiranta. Shi kuma ya ɗauka ya shige banɗaki, ya buɗe famfo, ya tuttular, ya yi gyatsa mai ƙarfi yadda za a ji daga kicin, sannan ya tsoma yatsa ya shafa ɗan kore a gashin bakinsa ya fito.

Mutum ɗaya ne ya san sirrin, wato Mai Famfo na bakin layi. Sau biyu a shekara bututun kwamin yakan toshe. Mai Famfo ya zo ya kwanta a ƙasa ya kwance, ya zaro ƙullin ɓawo da ganye, ya dubi Mai Agogo, Mai Agogo ya dubi rufin ɗaki. Sai Mai Famfo ya tura abin a ledarsa ya ɗaga murya: "Gashi ne, Malama! Gemun Malam ne yake toshe miki bututu."

Malama kuwa da mijin nata take kafa hujja. Duk matar da ta yi mata gardama sai ta nuna shi yana saukowa zai tafi shago. "Ku dube shi. Sittin da biyar, bai taɓa kwana a asibiti ba. Ku tambaye shi me yake sha." Shi kuma ya gyara hula ya ce ai ruwan Malama ba wasa ba.

Wata rana takalminsa ya ƙi shiga ƙafarsa. Kafin sati ƙafafun sun kumbura, fuskarsa ta yi suntum, hawa matakala ya gagare shi. A asibiti aka ce hawan jinin da ya daɗe yana wasa da maganinsa ya taɓa masa ƙoda. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ba Malama takarda mai jerin abin da zai rage: gishiri, dankali, alayyahu, tumatir, ayaba. Malama ta karanta a tsaye, ta yi tsaki. A ganinta ta gane inda suka dosa, likitocin zamani ne da tsoron sitaci da ƙiba. To shi ke nan, ta daina saka masa dankali a faranti. Ruwan kuwa takarda ba ta ambace shi ba, kuma mara lafiya ai shi ya fi kowa bukatar ƙarfi, don haka ta mayar da dankalin shida, kofin ya koma biyu.

Yanzu fa ba gyaran gemu a tsaye. Yana kwance za ta shigo, ta zauna a bakin gado, ta riƙe masa kofin, tana ba shi labarin wadda ta soya kabeji har ya mutu da wadda ta bar karas a rana. Ba ta tashi sai ta ga gindin kofi. Ranar farko da ya haɗiyi abin da gaske, sai da ya tuno duk zunubansa. Haka aka yi wata huɗu.

Ranar wata Talata da hantsi ya ji hannuwansa sun yi nauyi, leɓensa yana tsuma. Ya dafa ƙirjinsa ya saurara irin yadda yake kara agogo a kunne, ya ji bugun yana tafiya yana tsallake. Autarsu, wadda take da shagon ɗinki a ƙasan benen, ita ta samo mota aka kai shi.

Bayan an ɗaura masa ruwa an yi allurai zuciyar ta dawo hanya, sai wata likita matashiya mai gilashi ta zo da takardar gwajin jini. Ta gaishe su, ta ce sinadarin fotasiyam ne ya taru masa a jini har ya nemi tsayar da zuciya.

"Baba, me kake ci a gida?"

Malama ta riga shi. "Abin da kuka rubuta. Dankali ko yanka ɗaya bai shiga bakinsa ba. Ruwan kawai nake ba shi."

"Wane ruwa, Mama?"

Malama ta gyara tsayuwa ta yi bayani dalla-dalla kamar tana gaban allo. Likita ta cire gilashinta ta goge.

"Mama, duk abin da kika faɗa haka yake. Ga mai lafiya wannan ruwan ba abin da zai yi masa sai alheri, abin da jiki bai bukata ƙoda za ta fitar. Amma ƙodar Baba ta gaji, ba ta iya fitarwa. Abin da ya sa muka ce ya rage dankali da alayyahu, saboda wannan sinadarin ne, ba don sitaci ba. Shi kuma in an dafa, ruwa yake bi."

"Ruwa yake bi," Malama ta maimaita a hankali. Maganarta ce ta shekara da shekaru aka miƙo mata.

"In za ki ba shi dankali, ki feraye, ki yanka ƙanana, ki jiƙa, ki dafa da ruwa mai yawa, ki zubar da ruwan. Kabeji da albasa da kokwamba ba laifi."

Malama ta nemi kujera ta zauna. "Shekara talatin da ɗaya nake ba shi. Ashe ni na cinye masa ƙodar."

"A'a, Mama, ba haka na ce ba. Hawan jini ne ya taɓa ƙodar. Na wata huɗun nan kawai nake magana."

Amma Malama ba ta taɓa yarda da maganar yarinyar da a haife ta haife ta ba, ba kuma ranar za ta fara ba. Ta ɗauka lallashinta ake yi.

Da suka koma gida sai gidan ya zama wani iri. Malama tana bin takarda layi-layi. Tana feraye dankali da kauri, ta jiƙa, ta dafa, ta ɗauki tukunya da hannunta ta tsiyaye ruwan a magudana, ba ta ko kallon inda yake bi. Ta kawo abinci ta ajiye ta fita. Matar hawa na ɗaya ta zubar da ganyen kabeji rabin kwando a gaban idonta, Malama ta ce mata sannu da aiki ta wuce. Matar har ta biyo Auta shago tana tambaya ko lafiya.

Ba lafiya ba. Malama ta daina ci. Ta zuba loma biyu ta juya cokali ta rufe. Cikin sati uku zobenta ya fara zamewa daga yatsa, wuyanta ya fito. Wata rana da la'asar Mai Agogo yana kwance ya jiyo ta a kicin tana gaya wa Auta, da wata murya da bai san ta da ita ba: "Da hannuna na kashe muku uba, kofi-kofi. Ina yi ina alfahari, ina nuna shi a layi."

Abin ya yi masa ciwo fiye da ƙodar. Shekara talatin da ɗaya yana addu'ar Allah ya kawo ranar da matar nan za ta yi shiru, ga ranar ta zo, kuma ba ya so. Ya ga sarai cewa in aka ci gaba a haka ita za ta riga shi tafiya. Ya kuma san maganin yana bakinsa, sai dai maganin zai fito da shi fili a matsayin tsohon maƙaryaci. Kwana biyu yana juya abin. Rana ta uku da ta kawo masa abincin rana ya yi ta maza.

"Malama, ɗan tsaya. Ruwan nan fa ban taɓa sha ba."

Ta dube shi.

"Wallahi. Banda satin farko da wata huɗun nan. A kwami nake zubarwa."

Ta gyara masa matashi. "Allah ya saka maka da alheri, Malam. Amma ƙarya ba ta yi maka kyau, ba ka iya ta ba."

Wannan magana ta ƙona masa rai. Shi ne bai iya ƙarya ba? Ya sauko daga gado, ya ja ta har banɗaki, ya ɗauki kofin silba ya cika da ruwa, ya nuna mata komai: yadda ake buɗe famfo don ya rufe ƙarar, yadda ake karkata kofi, har gyatsar ya yi mata. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa da tausayi, ta ce ya koma ya kwanta kada jiri ya ɗebe shi.

Sai ya aiki Auta ta kira Mai Famfo.

Mai Famfo ya shigo da jakar kayan aikinsa yana tambaya ina ne ya toshe. Da ya ji abin da ake so ya yi, ya ja da baya har ya taka takalmin Auta.

"Haba Malam. Ni fa ina da iyali."

"Faɗa mata gaskiya."

"Wace gaskiya? Ni gashi na sani."

"Dube ta," in ji Mai Agogo. "Dube ta da kyau, sannan ka sake cewa gashi."

Mai Famfo ya saci kallon Malama da take zaune a kujerar falo, hannuwa a cinya, zani yana yi mata yawa. Ya ajiye jaka, ya durƙusa nesa kaɗan, kusa da ƙofa.

"Malama, ki yafe ni. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin gemu mai ganye ba. Duk zuwan da na yi gidan nan, ɓawon dankali nake cirowa da karan alayyahu."

"Shi ya tsara maka," ta ce ba tare da ta ɗago ba.

"To ki bari in gaya miki abin da bai tsara ba. Da fari ɓawo ne da alayyahu da fatar tumatir kawai. Shekarar da aka haifi Auta kika fara saka karas, don na ga ja-ja a bututu. Akwai wata shekara da kika gwada ɓawon kabewa, ba ki daɗe ba kika daina, Allah ya yi miki albarka, don shi ne ya karya mini wayar da nake zurawa a bututu. Sannan lokacin da kika yi tafiya wata biyu jinyar yayarki, bututun nan tas yake, har na yi zaton kun tashi."

Malama ta ɗago kai a hankali. Ɓawon kabewa sati uku kawai ta yi tana sakawa, shekara ashirin da suka wuce, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba don ba ta ji daɗin yadda ya fito ba.

"Auta," ta ce, "kin sani?"

"Wallahi Mama ban sani ba. Na dai san Baba ba ya warin alayyahu."

Malama ta miƙe. Mai Famfo bai jira sallama ba, ya suri jakarsa, sai ƙarar takalminsa aka ji a matakala. Ta bi shi har bakin ƙofa tana faɗa masa cewa shi da bututunsa Allah ya isa, kuma kada ya sake ya gaishe ta a hanya. Sannan ta juyo kan maigidan.

Ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Ta tuna masa sanyin safiyar da take tashi tana wanke dankali da ciki wata tara. Ta tuna masa matan da ta tsayar a matakala tana nuna shi, ashe kwamin banɗaki ya kamata ta nuna musu, shi ne mai lafiyar. Ta ce tsoho da furfura yana shafa ganye a gashin baki kamar akuya. Ta ce da ya sha tun farko, da ya kuma sha maganin hawan jininsa maimakon ɓoye shi a aljihun tebur tare da matattun agogo, da yanzu ba a nan ake ba. Muryarta har layi. Matar hawa na ɗaya ta leƙo ta ce alhamdu lillahi, Malama ta warke.

Mai Agogo ya koma ɗaki, ta biyo shi, ya zauna a bakin gado ya sunkuyar da kai yadda mai laifi ya kamata ya yi, amma daɗi ne fal cikinsa. Ta gefen ido ya ga ta kai hannu farantin da ta kawo masa, ta ɗauki yankan dankali ta jefa a baki tana faɗa, ta ƙara wani, ta ƙara wani. Auta ta zame ta koma shago.

Sai da farantin ya kusa ƙarewa faɗan ya tsaya cak. Malama ta tsura masa ido, irin kallon da take yi wa ɗalibar da lissafinta bai fita ba.

"Tsaya. Wata huɗun nan fa? Sati uku kawai ka yi ba ka iya tashi. Bayan nan da ƙafarka kake zuwa banɗaki, har gemu kake gyarawa. Me ya hana ka karɓi kofin ka shige kamar yadda ka saba?"

Mai Agogo shi kansa bai taɓa tambayar kansa ba, sai yanzu da aka tambaye shi ya ga amsar tana nan zaune. Kunya ta kama shi fiye da ta ɗazu.

"A da ajiyewa kike yi ki juya," ya ce yana kallon ƙafafunsa. "Yara, makaranta, maƙwabta. Da na kwanta kuwa zama kike yi sai na shanye. Shi ya sa nake kurɓa kaɗan-kaɗan."

Malama ta dube shi, yankan dankali a hannunta.

"Tsohon banza," ta ce. "Ka kusa kashe kanka a kan zama. Ba ka da bakin da za ka ce in zauna?"

"Ina na ga fili? Ke kike magana."

Ta ajiye dankalin, ta goge hannu a zani, ta ture masa ƙafa gefe da gwiwarta, ta zauna a bakin gadon kusa da shi.

"To ga ni," ta ce. "Ba kofi, ba komai. Sai ka faɗi abin da kake ta tarawa shekara talatin."

Ya shiga neman ta inda zai fara. Ita kuwa, a karo na farko tun da ya san ta, ta naɗe hannu ta jira.